Fumfuna a Huhun Mai Ciwon Ƙoda: Cutar da ke Fakewa da Tarin Fuka a Ƙasar Daura

Tsakure

Bahaushe ya san fumfuna a kan tuwon da ya kwana biyu da gyaɗar da ta sha laima, amma bai saba jin cewa tana iya tsirowa a cikin huhun ɗan Adam ba. Wannan maƙala ta yi bayanin yadda hakan yake faruwa ga masu ciwon ƙoda waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni, ta kuma dubi al'amarin a muhallin masarautar Daura ta Jihar Katsina. An kawo dalilan raunin garkuwar, da ire-iren fumfunar, da wuraren da ake shaƙar ta, da yadda alamominta suke sajewa da na tarin fuka. Maƙalar ta tsaya a kan cewa rashin tsayayyen suna ga cutar a Hausa yana daga cikin abubuwan da ke iya jinkirta gano ta, don haka manazarta harshe suna da nasu aikin a ciki.

1.0 Gabatarwa

Kalmomin "wankin ƙoda" da "dashen ƙoda" sun zauna daram a bakin Hausawa, har ana jin su a gidajen rediyo da sanarwar neman taimako. An fara dashen ƙoda a Nijeriya a shekarar 2000 a asibitin St. Nicholas da ke Legas, sannan a 2002 Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya yi nasa na farko. Majinyata daga garuruwan ƙasar Hausa, har da na masarautar Daura, suna kai-da-kawo tsakanin gida da manyan asibitocin Katsina da Kano, masu hali kuma su wuce Indiya ko Masar. Galibin maganar da ake yi a kan wannan ciwo ta tsaya ne ga tsadar wanki da wahalar samun mai bayar da ƙoda. Abin da bai cika shiga hira ba shi ne halin da jikin majinyaci yake shiga ta fuskar kariya daga cututtuka, ko dai saboda ciwon kansa ko saboda magungunan da ake ba shi.

Daga cikin cututtukan da ke samun kafa a irin wannan jiki akwai wadda fumfuna take haddasawa a huhu. Ba ta kai cututtukan bakteriya yawa ba, amma tana da wuyar ganewa, maganinta yana da tsada, kuma jinkiri a kanta yana iya zama ajali. Manufar wannan maƙala ita ce fayyace cutar cikin Hausa, da danganta ta da rayuwar yau da kullum ta ƙasar Daura, sannan a nuna inda al'amarin ya shafi manazarta harshe da al'ada.

2.0 Fumfuna a Idon Bahaushe da a Idon Kimiyya

A wurin Bahaushe, fumfuna ita ce abin nan mai gashi-gashi, fari ko kore ko baƙi, da ke fitowa a kan abinci ko fata ko hatsi idan danshi ya kama su. Akan ce abu "ya yi fumfuna" kamar yadda ake cewa ƙarfe ya yi tsatsa. Wato a wannan fahimta, fumfuna hali ne na lalacewa da abu yake shiga da kansa. Haka kuma Bahaushe bai haɗa ta dangi da lemar kwaɗi ba, balle makero da kyasfi da ke fitowa a fatar mutum, ko yis ɗin da ke kumbura burodi.

A ilimin kimiyya duk waɗannan 'yan gida ɗaya ne. Halittu ne masu rai da suke da rukuninsu daban da na tsirrai da na dabbobi, kuma suna rayuwa ne ta hanyar narkar da abin da suka zauna a kansa. Jikin fumfuna zaruruwa ne sirara masu kutsawa cikin abu, tana kuma hayayyafa ta hanyar ƙurar iri da take saki a iska. Wadda ta fi damun huhu ita ce Asfajilus, wadda masanin tsirrai ɗan Italiya, Pier Antonio Micheli, ya raɗa wa suna a 1729. Faɗin ƙwayar irinta bai wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 1,000 na milimita ɗaya ba, don haka tana iya bin numfashi har ƙarshen huhu.

Baligi yana shaƙar iska sama da lita 10,000 a kowace rana, kuma a cikinta akwai ɗaruruwan irin waɗannan ƙwayoyi. Mai lafiya ba ya ko sanin an yi. Majina tana kama wasu, ƙananan gasun da ke cikin hanyoyin iska suna sharo wasu zuwa maƙogwaro, waɗanda suka tsallake kuma fararen ƙwayoyin jini su cinye su kafin su tsiro. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma ciwon ƙoda yana daga cikin abubuwan da ke tsaga wannan bango.

3.0 Yadda Ciwon Ƙoda Yake Raunana Garkuwar Jiki

Kowace ƙoda tana ɗauke da ƙananan matatai kimanin miliyan 1, kuma su biyun suna tace ruwan jini kusan lita 180 a kwana guda. Hawan jini da ciwon suga su ne kan gaba wajen lalata waɗannan matatai. Akwai kuma kumburin matatan kansu, da amosanin jini, da yawan shan magungunan kashe ciwo barkatai. Idan ƙoda ta gaza, garkuwar jiki tana raunana ta hanyoyi huɗu.

Na farko, dattin da ya kamata ya fita ta fitsari yakan taru a jini ya dakushe aikin fararen ƙwayoyin jini. Suna nan, amma ba su da kuzarin kai farmaki. Na biyu, ciwon da ya jawo matsalar yana ƙara nasa. Sugan da ya yi yawa a jini yana rage ƙarfin waɗannan ƙwayoyi, mai ciwon ƙoda irin mai kumbura jiki kuwa yana zubar da sinadaran kariya ta fitsari tare da furotin. Na uku, wankin ƙoda, wanda a ƙa'ida ake yi sau 3 a mako na kimanin awa 4 kowane zama, ba ya mayar da garkuwa yadda take, ga ƙarancin jini da rashin cin abinci da ke tare da shi.

Na huɗu, kuma mafi girma, shi ne magani. Wasu cututtukan ƙoda ana magance su da firedinisolon na tsawon watanni. Wanda aka yi wa dashe kuwa dole ne ya sha magungunan kwantar da garkuwa, irin su takrolimus da saikulosforin, muddin ƙodar tana jikinsa, domin in ba haka ba jiki zai ɗauke ta a matsayin baƙuwa ya yaƙe ta. Haɗarin ya fi yawa a watannin farko bayan dashe, da duk lokacin da aka ƙara ƙarfin magani. Abin lura a nan shi ne saikulosforin kansa daga wata fumfuna aka samo shi, wadda aka tono a ƙasar Nowe, kamar yadda aka samo fenisilin daga wata a 1928. Ya kamata kuma a ambaci ƙwayoyin ƙiba da ake kira "sha-ka-fashe", waɗanda sau da yawa deksametazon ne a ciki. Danginsu ɗaya da firedinisolon, kuma mai shan su a ɓoye yana kwantar da garkuwarsa ba tare da likitansa ya sani ba.

4.0 Ire-iren Fumfunar da ke Kama Huhu

Asfajilus tana zuwa da fuska biyu. Akwai mai saurin ci, wadda take kutsawa cikin naman huhu da jijiyoyin jini a jikin wanda garkuwarsa ta kwanta sosai, tana iya kaiwa ƙwaƙwalwa, kuma takan kashe cikin makonni idan ba a tare ta ba. Akwai kuma mai daɗewa, wadda take zama a ramin da tarin fuka ya bari a huhu, ta yi ta cin gefensa a hankali na watanni ko shekaru, wani lokaci ta dunƙule ta zama curi a cikin ramin.

Ta biyu ita ce Numosistis. An daɗe ana ɗaukar ta a wani rukunin halittu daban, sai a 1988 aka tabbatar fumfuna ce. Ita ce aka gani a jikin samari 5 a birnin Los Anjalas na Amurka a watan Yunin 1981, rahoton da ya zama farkon sanin duniya game da ƙanjamau. Tana kawo busasshen tari da zazzaɓi da ƙarancin numfashi, kuma a jikin masu dashe takan tsananta cikin 'yan kwanaki.

Ta uku ita ce Kiriftokokus, wadda aka fi samu a busasshen kashin tattabaru. Ta huhu take shiga, amma tana son zarcewa zuwa ƙwaƙwalwa ta haddasa wani nau'in sanƙarau. Ta huɗu ita ce Histofilasma, mai son ƙasar da ta gauraya da kashin jemagu da tsuntsaye. An taɓa gano nau'inta na Afirka a kogon Ogbunike da ke Jihar Anambara. Ta biyar ita ce Mukor, abokiyar ciwon suga, wadda ta kama mutane sama da 40,000 a Indiya a 2021 lokacin annobar korona.

A watan Oktoban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin fumfuna 19 masu barazana ga lafiyar ɗan Adam, ta kuma sanya Asfajilus da Kiriftokokus cikin 4 mafi haɗari.

5.0 Muhallin Ƙasar Daura

Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi 5: Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa. Ƙasa ce ta noma da kiwo a bakin iyakar Jamhuriyar Nijar, mai gajeriyar damina da dogon rani. Mai karatu zai iya zaton busasshiyar ƙasa irin wannan ba ta da abin yi da fumfuna, amma zagayowar shekarar ce take yi mata hidima. A lokacin marka tana samun danshin da za ta tsiro a bango da juji da tarin taki. Da kaka kuma ana girbe gero da dawa da wake da gyaɗa, kuma duk damin da aka shigar rumbu bai gama bushewa ba ya zama gonarta. Idan rani ya shiga komai ya bushe, ƙurar irinta ba ta mutuwa, sai dai ta ƙara sauƙin tashi, iskar hunturu kuma ta ɗauke ta.

Ayyukan da suka fi tayar da wannan ƙura sanannu ne a kowane gida: sussuka da shiƙa da casa, da shiga rumbu ɗebo tsohon hatsi, da juya harawa, da kwasar taki daga turke zuwa gona, da sharar akurki da ɗakin tattabaru, da rushe tsohon ginin ƙasa ko buɗe rufin da jemagu suka daɗe a ciki. Manyan kasuwanni irin ta Mai'aduwa, inda dabbobi da abincinsu da buhunan hatsi suke haɗuwa, su ma wurare ne na ƙura. Asfajilus tana jure zafin da ya haura digiri 50, shi ya sa take jin daɗin tsakiyar tarin taki mai tururi, kuma zafin jikin mutum na digiri 37 bai dame ta ba.

Babu laifi a cikin waɗannan ayyuka ga mai lafiya, kuma kaka da kakanni an yi su. Matsalar tana ga majinyacin da ya dawo gida daga asibiti ya ji ƙarfi a jikinsa. A al'adance, komawa aiki ita ce shaidar samun sauƙi. Magidanci yana jin kunyar zama ana noma masa, uwargida kuma ba ta son a ce ta kasa sussukar gidanta. Ta haka ne alamar warkewa take mayar da mutum cikin ƙurar da jikinsa ba zai iya ɗauka ba.

6.0 Kama da Wane Ba ta Wane

Alamomin fumfunar huhu su ne tari mai daɗewa, da zazzaɓi, da rama, da gumin dare, da ciwon ƙirji, da kakin jini. Waɗannan su ne dai alamomin tarin fuka. Nijeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka, mai ciwon ƙoda kuma ya fi sauran mutane saurin kamuwa da shi, don haka ba abin zargi ba ne idan ma'aikacin lafiya ya fara kawo shi a ransa. Gwajinsa da maganinsa kyauta ne a ƙarƙashin shirin ƙasa, ga kuma na'urar GeneXpert da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita tun 2010. Gano fumfuna kuwa yana buƙatar hoton ƙirji na kwamfuta, da gwajin jini na musamman, da renon kaki a ɗakin gwaji, wani lokaci har da zura bututu cikin huhu, kuma an fi samun waɗannan a manyan asibitoci.

Wani bincike da Rita Oladele ta Jami'ar Legas da abokan aikinta suka buga a 2017 ya dubi majinyata a Legas da Ilori waɗanda ake yi wa maganin tarin fuka alhali gwajin kakinsu bai nuna shi ba, ko kuma maganin ya ƙi yi musu aiki. An samu kimanin kashi 9 cikin 100 nasu suna ɗauke da Asfajilus mai daɗewa.

Ga mai dashen ƙoda, kuskuren suna yana da illa ninki biyu. A ɗauki misalin manomi daga Sandamu da aka yi wa dashe, ya dawo gida, bayan 'yan watanni ya fara tari. Gwaji bai nuna tarin fuka ba, amma aka ɗora shi a kan maganinsa bisa zato, ba tare da tuntuɓar likitocin da suka yi dashen ba. A cikin wannan magani akwai rifamfisin, wanda yake sa hanta ta riƙa saurin narkar da takrolimus da saikulosforin. Ke nan fumfunar tana ci gaba da cin huhu, ƙodar da aka sha wahala aka dasa kuma tana fuskantar barazanar jiki ya ƙi ta. Idan daga baya aka gano gaskiya, rifamfisin ɗin yana kuma rage ƙarfin manyan magungunan fumfuna na sha.

7.0 Magani da Kariya

Maganin fumfunar huhu a jikin mai ciwon ƙoda gaba kura ne baya sayaki. Amfoterisin B, wanda aka samo tun shekarun 1950, yana da ƙarfi amma yana cutar da ƙoda, nau'insa mai sauƙin illa kuma yana da tsada ƙwarai. Borikonazol, wanda aka fi zaɓa ga Asfajilus mai saurin ci, yana sa takrolimus ya taru a jini, don haka sai an rage adadinsa ana kuma auna jini a kai a kai. Ana shan sa aƙalla makonni 6 zuwa 12, mai daɗewa kuwa takan buƙaci watanni 6 ko fiye. Fulukonazol da ake samu a kemis ba ya yi wa Asfajilus komai. Wannan ya nuna ba ciwon da za a saya wa magani a kan tebur ba ne.

Kariya ta fi sauƙi. Ana ba masu dashe Septrin na watanni 3 zuwa 6 ko fiye domin tare Numosistis, bisa adadin da likita ya tsara gwargwadon ƙarfin ƙodar. Sauran kariyar tana hannun iyali: a ɗauke wa majinyaci sussuka da shiga rumbu da kwasar taki da sharar akurki, a gyara ɗigar ɗakinsa, a bar iska da rana su shiga, ya sa takunkumi mai kyau idan ƙura ta zama dole, ya kuma kula da sugansa. Duk tari ko zazzaɓin da ya taso, a sanar da likitan ƙoda da wuri, kuma duk inda aka je neman magani a fara da faɗin cewa mai dashe ne ko mai wanki ne.

8.0 Matsalar Suna

An yi nazari mai yawa a kan magani a al'adar Bahaushe, kamar littafin Lewis Wall na 1988 da kundin digiri na uku na Aliyu Muhammad Bunza na 1995 a Jami'ar Bayero. Duk mai bibiyar wannan fage ya san sunan da aka ba ciwo shi yake nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Idan aka ce sanyi ne, sai a nufi jiƙo. Idan aka ce sammu ne, sai a nufi wani wuri. Idan aka ce tarin fuka ne, sai a ware wa mutum kwano da moɗa. Mai fumfunar huhu yana iya faɗawa kowane ɗaya daga cikin waɗannan, alhali Asfajilus ba ta tashi daga mutum zuwa mutum, kuma ware shi ba ya kare kowa.

Wannan maƙala tana ba da shawarar a tsayar da "fumfunar huhu" a matsayin sunan gama-gari, a rarrabe "mai saurin ci" da "mai daɗewa", a kira dunƙulen da ke cikin rami "curin fumfuna". Kalmomin duk na gida ne, kuma manomi zai gane su nan take. Sai dai sunan yana da tarko, domin mai ji zai iya zaton cin abinci mai fumfuna ne yake kawo ta. Dole bayani ya riƙa tafiya da kalmar "shaƙa". Cin gyaɗa ko masara mai fumfuna yana da tasa illar, amma hanta yake taɓawa.

Akwai wasu kalmomi biyu da suke buƙatar kulawa. Shekaru da dama kafofin yaɗa labarai suna kiran ƙanjamau "cuta mai karya garkuwar jiki", har ta kai idan aka ce wa mutum garkuwarsa ta yi rauni yana iya jin an jefe shi da wata magana, ya ɓoye al'amarin ga iyalinsa. Zai fi dacewa a bar "karyewa" ga waccan cuta, a yi amfani da "kwantar da garkuwa" ga abin da magani yake yi da gangan. Haka nan "wankin ƙoda" yana sa a zaci ƙodar ake wankewa ta koma sabuwa, alhali jini ake tacewa a madadinta. "Dashe" kuwa kalma ce da ta dace, domin duk manomin rani a bakin madatsar Sabke ya san dashe yana buƙatar reno kafin ya kama ƙasa, kuma a kan wannan sani za a iya gina bayanin kariya.

9.0 Kammalawa

An ga yadda ciwon ƙoda da magungunansa suke raunana garkuwar jiki, da yadda fumfunar da ke rumbu da turke da akurki take samun hanyar zama a huhu, da yadda take sajewa da tarin fuka har a ba da maganin da zai ƙara cutarwa. Samar da na'urori da magunguna aikin hukumomi ne da likitoci. Amma tsakanin ɗakin likita a Kano da tsakar gida a Baure ko Zango, magana ce take tafiya, kuma da Hausa take tafiya. Ya kamata sassan nazarin Hausa su haɗa hannu da likitocin ƙoda da na ƙirji wajen tattara sunayen tari da cututtukan ƙirji a Dauranci da sauran karuruwan harshe, a gwada kalmomin da aka kawo a nan a bakin majinyata da masu jinyarsu, sannan a tsayar da waɗanda suka karɓu domin amfanin asibitoci da gidajen rediyo.